Ni da Tsofaffin Lasifikoki

Duk wanda ya daɗe yana kasuwanci a ƙasar mutane ya san dare ya fi rana tsawo. Da rana ciniki ya ɗauke maka hankali, amma da an yi isha'i an ci tuwo, sai a rasa abin yi. Wani ya tafi majalisar shayi, wani ya zauna gaban ƙwallon Turai, wani ya kama waya yana ta latsawa har barci ya sace shi. Ni nawa daban ne, kuma abokaina na kasuwar albasa sun daɗe suna yi mini dariya a kansa. Tsofaffin lasifikoki nake saye ina gyarawa. Kada ka ɗauka irin manyan nan ne na masu kiɗan biki. Na ɗaki nake nufi, masu akwatin katako, waɗanda ake sayarwa bibbiyu, dama da hagu, da Turawa da mutanen Japan suka ƙera a shekarun 1970 da 1980.

A nan Ankara, wato Accra, ba sai ka sha wahalar nemansu ba. Idan tsoho ya rasu a Jamus ko Holan ko Ingila, ko wasu iyali suka tashi daga gida, akan kwashe kayan ɗaki a sayar a dunƙule, a cika kwantena da su, su sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema. Daga nan su bazu shagunan gwanjo na Lapaz da kewaye, a jera su bakin titi tare da firji da dutsen guga da talabijin. Wanda ya yi kwantai, ƙarshensa hannun 'yan gwangwan. Shekara da shekaru kasuwarmu ta albasa tana Agbogbloshie, muna maƙwabtaka da filin 'yan gwangwan, kafin a tashe mu a watan Yulin 2021 a mayar da mu Adjen Kotoku. A wancan zaman ne na riƙa ganin yara suna fasa waɗannan akwatuna da guduma don su cire maganaɗisu da 'yar wayar tagullar da ke ciki, katakon kuwa a hura wuta da shi. Ban ga laifinsu ba, abincinsu suke nema. Amma ni na taso a gidan da rediyo ɗaya ya yi shekara ashirin ana kai shi wurin mai gyara yana dawowa, sai abin ya riƙa sosa mini rai. Ran nan na biya wani yaro kuɗin da zai samu a ƙarfen, har da ɗan ƙari, na ɗauko akwati biyu na kai gida Nima.

Abin da ya fara ba ni mamaki da na kwance su shi ne ƙarancin abin da ke ciki. A baya akwai maganaɗisu mai nauyi, da wani siririn rami mai kewaye a tsakiyarsa. A cikin ramin akwai koyil, wato siririyar waya da aka naɗe a jikin ɗan bututu. Bututun yana manne da wata takarda mai kauri mai siffar mazurari. Idan wuta ta zo daga amfilifaya ta bi ta cikin koyil, sai ya riƙa gaba da baya, ya tura takardar, takardar ta tura iska, kunnenka ya ji sauti. Shi ke nan fa. Kamar fatar ganga ce, sai dai a nan wuta ce makaɗin. Wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, su suka bayyana wannan tsari a 1925, kuma har yau a kansa ake tafiya, daga lasifikar da ke cikin wayarka har zuwa ta filin wasa. Abin da tsarinsa bai canza ba wajen shekara ɗari, ai mai haƙuri zai iya koyon gyaransa.

Yawancin akwatunan suna da baki biyu ko uku. Babban bakin ni uwa nake ce masa, shi ke ba da sauti mai kauri, irin na ganga da ƙirjin namiji. Ƙaramin na sama ita ce 'ya, ita ke ba da siririn sauti, irin na kuge da harafin "s". A cikin akwatin kuma akwai wani ɗan allo mai kafasita da naɗaɗɗiyar waya, aikinsa rabo: ya aika wa uwa nata, ya aika wa 'ya nata, don idan sautin uwa ya faɗa wa 'ya, ƙonewa za ta yi.

To me ke sa a ce sun mutu? Sau da yawa abu ɗaya ne. Bakin takardar nan ta uwa ba a jikin ƙarfe yake kai tsaye ba, akwai wani zobe mai laushi da ya haɗa su, wanda ke barin takardar ta yi motsi. A 1954 wani Ba'amurke mai suna Edgar Villchur, wanda ya kafa kamfanin Acoustic Research tare da Henry Kloss, ya fito da dabarar toshe akwati ruf, a sassauta zoben sosai, a bar iskar da ke kulle a ciki ta riƙa mayar da takardar mazauninta. Da wannan dabara ƙaramin akwati ya iya ba da kaurin sautin da a da sai akwati mai girman kabad. Daga baya, musamman a shekarun 1970, kamfanoni da yawa suka koma yin zoben da soso, saboda ba shi da nauyi kuma yana da laushi. Sai dai soso yana da wa'adi. Bayan shekara goma sha biyar zuwa ashirin yakan ruɓe, ka taɓa shi ya marmashe kamar tsohon burodi, kuma zafi da laima irin na bakin teku suna gaggauta masa. Mai shago ya cire murfin gaba ya ga baki a yage, ya kunna ya ji tana ɓarɓar, sai ya ce ta mutu. Alhali maganaɗisu lafiya, koyil lafiya, takarda lafiya, zoben da ya fi komai araha shi kaɗai ya tafi. Mu 'yan albasa mun san wannan. Akwai buhun da ɓawon sama ne kawai ya yi baƙi, akwai wanda ya ruɓe daga zuciya, kuma a gane bambancinsu ake cin abinci.

Idan zan fita saye, abu uku nake sawa a aljihu: batir ɗin rediyo mai bolt 1.5, guntuwar waya biyu, da mita. Da fari nakan zagaya akwatin in duba gindinsa. Yawancinsu da katakon nan na matsattsen gari aka yi su, aka lulluɓe da siririn katako mai kyau. Idan ya sha ruwa ya kumbura, ba ya komawa, sai in wuce. Nakan kuma shinshina ta ramin gaba ko na baya, in akwai, don warin fumfuna da fitsarin ɓera ba sa ɓuya. Sannan in buɗe yatsuna in ɗora a kewayen tsakiyar takardar in danna a hankali, daidai wa daida. In ta shiga ta fito shiru, madalla. In na ji ƙarar gogayya kamar yashi a cikin ƙwarya, nakan sake gwadawa da kyau, don wani lokaci rashin zobe ne ya sa koyil ya karkace, wani lokaci kuma ya taɓa ƙonewa ne ya kumbura, wannan kuwa babban aiki ne. Sai in ɗora mita a kan wayoyin uwar. Wadda aka rubuta om 8 a bayanta takan nuna tsakanin 5 da 7, haka abin yake, ba matsala ba ce. In mita ba ta nuna komai ba, waya ta tsinke a ciki. Batir kuma taɓawa ɗaya nake yi: in ji "ɗuf", in ga takarda ta motsa. Ba a yi wa 'ya wannan gwajin, ba ta da jurewa. Ita sai a kunna kiɗa ƙasa-ƙasa a kara kunne a bakinta. Kuma ba na sayen guda ɗaya. Neman abokiyar tsohuwar lasifika a garin nan ya fi neman allura a cikin ruwa wuya.

Akwai sunayen da masu sha'awar abin nan a duniya suke bi da kuɗi: Wharfedale da Gilbert Briggs ya kafa a Ingila a 1932, KEF da Raymond Cooke ya kafa a 1961, JBL L100 da ta fito a 1970, Yamaha NS-10M mai farar takarda da ta fito a 1978 ta cika ɗakunan ɗaukar waƙa. A da masu shago ba su damu da suna ba, girma suke kallo. Yanzu kowa na da waya, kafin ka gama gaisuwa ya duba farashinta a Turai ya faɗa maka. Ni ban cika bin suna ba, nauyin akwati da lafiyar kayan ciki nake bi. Ciniki kuwa ina yinsa sosai, sana'ata ce. Amma in mai kaya ya tambaye ni, "Alhaji, wannan tana gyaruwa?" nakan ce tana gyaruwa, ga abin da za ta ci, ga kwanakin da za ta ɗauka. Yawancinsu da sun ji yawan aikin sai su ce in ɗauka kawai.

Shi gyaran, dare biyu ko uku yake ci. Kafin in cire waya ko ɗaya sai na ɗauki hoto, don in aka juya ja da baƙi a akwati ɗaya, uwa ɗaya tana turawa ɗayar tana ja, kaurin sauti ya ɓace. In kwance uwar in kwantar da ita a tebur, in kankare tsohon soso da tsohon gam daga jikin ƙarfe da reza da ɗan sifirit. Bakin takardar kuwa da yatsa nake murje shi, sannu-sannu, don in ta yage an shiga wani aikin. Sabon zobe sai an auna, ba a cewa "inci takwas ne" kawai a wuce, don faɗin takarda ya bambanta daga ƙira zuwa ƙira. Nakan auna da rula in aika wa wani ƙanena da ke Jamus ya sayo ya ba masu zuwa. Gam farin nan ne mai ruwa-ruwa wanda ba ya saurin kamawa, don ya ba ka damar daidaitawa. Na sha ganin waɗanda aka ɗiga wa gam mai kamawa nan take, soson ya ƙandare ya tsage, takardar ma ta lalace.

Wurin da aikin yake shi ne daidaita koyil a tsakiyar raminsa, don tsakaninsa da ƙarfe bai fi kaurin 'yan takardu ba. Hanya biyu ce. Ko ka yanke 'yar hular da ke tsakiyar takardar, ka soka siraran yanka na tsohon fim ɗin hoton asibiti a kewaye su riƙe koyil a tsakiya har gam ya bushe, sannan ka zare su ka mayar da hular. Ko kuma ka sa waya ta ba da amo mai girgiza sau 50 a daƙiƙa, ka bi da shi ta amfilifaya ƙasa-ƙasa, kana matsar da zoben har ƙarar gogayya ta ɗauke, sannan ka danne. Ni ta farko na fi yarda da ita. Lokacin aikin ma yana da muhimmanci. A watan Yuni, da ruwa ya kankama a garin nan, gam yakan kwana biyu bai bushe ba. Da hunturu kuwa yana bushewa da wuri, amma sai ka rufe ramin koyil, don ƙura ko ɗan garin ƙarfe in ya faɗa, maganaɗisu ya riƙe shi ke nan. Daga nan sai allon rabo. Kafasita masu ruwa a ciki sukan bushe da tsufa, sai ka ji sauti ya dushe kamar an rufa wa akwatin bargo. Nakan kwafi lambar da ke jikinsu in gangara Zongo Lane, inda masu kayan lantarki suke, in sayo daidai ita, irin waɗanda ba su da kai da gindi, in like da dalma. Idan akwatin rufaffe ne, gwajin ƙarshe shi ne in danna takardar in saki. In ta dawo a hankali kamar mai jin nauyin jiki, iska ba ta zurarewa, aiki ya yi.

Maiɗakina ba ta karɓi abin nan da hannu biyu ba, kuma tana da hujja. Ɗaki biyu da falo muke da su a gidan haya, ga yara. Da akwatuna suka kai shida ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Malam, wai gidan nan shagon Lapaz za a mayar da shi ne? Kuma kuɗin daga ina suke fita?" Tambaya ta biyun ita ce ainihin maganar, don ta san akwai 'yan'uwa a gida da ke jiran abin da nake aikawa duk wata. A daren muka yi ƙa'ida. Kuɗin lasifika gwangwaninsu daban, ba sa taɓa jari, ba sa taɓa cefane, ba sa taɓa na aike. Ba za a wuce akwati shida a gidan ba, in sabuwa za ta shigo sai wata ta fita. Kuma bayan ƙarfe tara ba a ɗaga murya, don bango ɗaya ya raba mu da wata tsohuwa Bagaya. Har yau a kan haka muke. Wanda yake tunanin a nan zai yi arziki, gara ya tsaya a kan sana'arsa. Idan na sayar da biyu nakan sami abin sayen wasu biyun da zobensu, wani lokaci da ragowar kuɗin nama. In aka lissafa da dararen da na kashe, ɗan dako ya fi ni samu.

Wani abokina ya taɓa ce mini, "Mutumina, da wannan wahalar ai gara ka sayi 'yar ƙaramar nan mai caji, ka sa a aljihu." Ban musa masa ba, don ni ma ina da ita a rumfa, da ita nake jin labarai. Amma akwai abin da ba ta iyawa, kuma a kan kaset ɗin mahaifiyata na tabbatar. Waɗanda suka zo ƙasashen nan kafin wayar hannu sun san wasiƙar kaset. A zauna a gida a kunna rakoda, kowa ya yi gaisuwarsa ya faɗi saƙonsa, a ba direban mota ya kawo maka bayan mako biyu. Ina da guda uku daga ƙarshen shekarun 1990, da muryar Inna, Allah ya jiƙanta. Na daɗe da sa aka juye su a waya, amma in na kunna sai in ji wata siririyar murya kamar ta cikin gwangwani. Dalili kuwa, gindin muryar mace yana wajen girgiza 200 a daƙiƙa, na namiji ƙasa da haka, ƙaramar lasifikar waya kuwa ba ta iya tura iskar da za ta kai can. Ranar da na bi da kaset ɗin ta cikin akwatunan farko da na gyara, sai ga muryar da kaurinta, da 'yar shaƙewar da take yi in za ta yi dariya, ga zakara yana cara a bayanta, ga wani yana daka. Tana ba ni labarin farashin gero, tana cewa in riƙa cin abinci. 'Yata ta fari sunanta ta ci, shi ya sa Inna nake kiranta, kuma ba su taɓa ganin juna ba. Ta zauna a ƙasa ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Baba, ashe haka take jan magana, irin taka." Yaran da aka haifa a nan Hausarsu ta gauraya da Turanci da Tuwi, ranar suka yi ta tambayata ma'anar kalmomin da kakarsu ta faɗa.

Don haka duk mai irin wannan kaset a ƙasan akwati, ya fito da shi tun bai makara ba. Zaren kaset yana tsufa, laima tana sa shi fumfuna, ya manne da juna. A nemi rakoda mai lafiya, a fara gwada ta da wani kaset ɗin da ba a damu da shi ba, sannan a juye a kwamfuta, a raba wa 'yan'uwa. Wanda kuma zai haɗa tsofaffin kaya, ya kula da abu biyu. Su akwatunan ba a sa su a soket, daga amfilifaya suke shan wuta, amma ita amfilifayar a duba bayanta: wutar Ghana bolt 230 ce, kayan Amurka kuwa na 120 ne, in aka soka kai tsaye hayaƙi za a gani. Na biyu, ƙaramar amfilifaya da aka murɗe har ƙarshe ta fi babba kashe lasifika, don in ta gaza sai sautinta ya dagule, dagulallen sauti kuwa 'ya yake ƙonawa. Da ka ji murya ta fara tsagewa, rage.

Akwai kuma maganar kunne. An ce yaro mai lafiya yana ji daga girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, kuma na saman su ke fara tafiya in shekaru sun ja. Na haura hamsin, na kuma yi shekara talatin cikin ƙarar manyan motoci. Wani dare na gama wasu akwatuna ina ta yaba su, ɗana na biyu, mai shekara goma sha tara, ya shigo ya tsaya jim, ya ce, "Baba, ta hagun nan 'yarta ba ta kai ta dama ba." Muka sauya su wuri, muka auna, maganarsa ce. Tun daga ranar shi ne kunnena. Ya gama sakandare yana zaman jiran sakamako, da ma zaman banza nake ji masa tsoro a unguwa irin tamu. Yanzu hannunsa ya fi nawa tsayuwa a kan dalma, har ya fara buɗe amfilifaya, abin da ni ban shiga ba.

A nan kuma wata sabuwar magana ta taso a gidan. Shi yana so in kai shi wurin wani mai gyara a Zongo Lane ya koyi aikin sosai. Mahaifiyarsa ta ce karatu zai ci gaba, ba ta yarda abin da uba yake yi don hutu ya zama dalilin ajiye littafin ɗa ba. Ni ina ganin gaskiyar kowannensu. Na ce masa a makarantun fasaha ana koyar da lantarki, in sakamako ya yi kyau ya nemi wannan fannin, Asabar kuma ya riƙa zuwa wurin mai gyaran. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ita ma haka. Yanzu dai akwai wasu biyu na Japan a kan tebur, mun kankare su tun makon jiya, muna jiran zobensu daga Jamus. Na ce masa waɗannan nasa ne daga farko har ƙarshe, ni kallo kawai zan yi, kuma in ya sayar kuɗin na gwangwaninsa ne.